"Cack-handed": Tsohon zagin Turawa da ya tono mini tarihin hannuna na hagu

Ina shekara ta biyu a kwalejin horon malamai aka ba mu aikin haɗa kayan koyarwa. An ce kowa ya yanka kwali ya yi agogo mai hannu biyu, irin wanda ake koya wa 'yan firamare karanta lokaci da shi. Kwana biyu na yi a kan nawa. Ranar da aka dawo mana da su, sai na ga malaminmu, wani dattijo da ya yi karatu a Ingila tun ba a haife mu ba, ya yi rubutu da jan biro a bayan kwalin. Kalma ɗaya ce tak: "cack-handed". A ƙarƙashinta ya sa maki huɗu cikin goma.

In za a faɗi gaskiya, agogon ya karkace. Da'irar ta fi kama da ƙwan agwagwa, lambobin kuma kamar iska ta kaɗa su. Na tambayi abokin kwanana ma'anar kalmar, ya yi dariya ya ce: "Cewa yake hannunka bai iya aiki ba, ɗan'uwa." Na ji haushi, na cusa agogon a gindin akwati, na ci gaba da harkata.

Sai bayan shekaru, ina shirya darasin Turanci wa 'yan JHS a nan Kumasi, na sake cin karo da kalmar a ƙamus. Ma'ana biyu aka ba ta. Ta farko ita ce wadda abokina ya faɗa mini. Ta biyun ce ta sa na ajiye littafin na yi shiru: bahago.

Dattijon nan bai taɓa ganina na riƙe biro da hagu ba. Babu wanda ya taɓa gani a kwalejin. Amma ni bahago aka haife ni.

Me kalmar take nufi?

Ana furta ta kamar "kak-handid". Kalmar Turawan Birtaniya ce, ta hira, ba ta wasiƙar neman aiki ba. Idan mutum ya ɗauki kofin shayi ya ɓarar, ko ya ɗaura ƙofa ta ƙi rufuwa, ko mai tsaron gida ya saki ƙwallon da yaro ma zai kama, sai a ce masa haka. A Hausa muna iya cewa ya yi aikin baban giwa, ko gyaran gangar Auzinawa, wato ya sa hannu a abu ya bar shi ya fi da lalacewa.

Yau an fi jin ta a kan aiki fiye da a kan mutum. Jaridun Landan sukan yi amfani da ita idan minista ya zo gyara wata matsala ya ƙara kwaɓa ta, ko kamfani ya fito ba da haƙuri ya ƙara fusata jama'a. Ba ta kai ashar ba, amma akwai raini a cikinta. Amurkawa ba su cika amfani da ita ba, su suna da nasu: "ham-handed", mai hannu kamar cinyar alade, da "klutz", wadda suka aro daga Yahudawan Turai, asalinta kututturen ice.

Tana da 'yar'uwa da 'yan ƙwallo suka fi sani, "butterfingers", mai yatsun man shanu, wanda duk abin da ya riƙe sai ya suɓuce. Ita wannan ta tsufa sosai. Tun 1615 wani marubuci mai suna Gervase Markham ya yi amfani da siffarta a littafinsa na koya wa matan aure tafiyar da gida, inda ya lissafa ta cikin halayen da bai kamata mai girki ta kasance da su ba. Charles Dickens kuma ya sa ta a bakin wani ɗan kallo a filin kurket cikin littafinsa The Pickwick Papers, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1836 da 1837. Sai dai "butterfingers" tsokana ce mai sauƙi. Man shanu ba abin ƙyama ba ne. Ita "cack-handed" abin da ke ƙunshe a cikinta daban ne.

Daga ina ta fito?

Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya kai farkon bayyanarta a rubuce zuwa 1854. Amma kalmar ƙauye ce, ta manoma da makiyaya, kuma irin waɗannan sukan daɗe a baki kafin wani ya kama su ya sa a takarda. Masana asalin kalmomi sun rabu gida biyu a kanta.

Ɓangare na farko sun ce daga "cack" ta fito. Mai karatu ya yi mini afuwa, "cack" tsohuwar kalmar Turanci ce ta bayan gida, wato najasa. Tushenta kalmar Latin ce "cacare", kuma danginta suna nan a wasu harsunan Turai: "kakken" a Holanci, "kacken" a Jamusanci, "caca" a bakin yaran Faransa. A tsohon Turanci ma an samu "cac-hus", ɗakin ba-haya. A wannan fahimtar, "cack-handed" shi ne mutumin da yake aiki da hannun da aka ware don tsarki. Kun ga ke nan su ma Turawan da, kafin zuwan takardar bayi da famfo, sun san rabon aiki tsakanin hannu biyu kamar yadda muka sani.

Ɓangare na biyu sun ce a'a, kama ce kawai ta sauti. A karin harshen ƙauyukan Ingila akwai "keck-handed", akwai "cag-handed", akwai "kay-fisted", duk suna nufin bahago ko wanda hannunsa bai faɗa ba. Su suna ganin tushen yana wajen mutanen arewacin Turai, 'yan Bayikin, waɗanda suka mamaye gabashi da arewacin Ingila, har suka ci birnin York a 866. Mutanen nan sun bar wa Turanci kalmomi da yawa na yau da kullum, irin su "egg", "sky" da "window", kamar dai yadda kakanninmu fatake suka bar wa Gana "waakye" daga wake. A tsohon harshensu akwai "keikr", abin da ya lanƙwashe ta baya. Har yau a harshen Danmak "kejthåndet" shi ne bahago, "kejtet" kuma shi ne mai aiki a dabarbarce.

Ko wanne ne daidai, hanya biyun wuri ɗaya suka ɓulla. Ɗaya ta ce hannun hagu ƙazami ne, ɗaya ta ce karkatacce ne. Kuma Bature na yau idan ya ji "cack", najasa ce take fara zuwa masa a rai, shi ya sa kalmar take da ɗaci.

Akwai wani abu da ya ƙara ba ni mamaki. Tsakanin 1950 da 1961, masu bincike daga Jami'ar Leeds ƙarƙashin Farfesa Harold Orton suka zaga garuruwa da ƙauyuka 313 na Ingila suna tambayar tsofaffi yadda suke kiran abubuwa. Cikin tambayoyin akwai sunan mutumin da yake komai da hannun hagu. Amsoshi iri-iri fiye da tamanin suka samu. A arewa maso gabas ana cewa "cuddy-wifter", a yankin Yorkshire "gallock-handed", a kudu maso yamma "coochy". Ƙasar da ba ta kai Gana girma ba, amma sunan bahago ya haura tamanin. Abin da mutane suke yi wa dariya shi ne yake tara laƙabi.

Ba Ingila kaɗai ba

Da na fara bin zaren nan sai na ga kamar duk Turai baki ɗaya suka haɗa. Kalmar "left" kanta, asalinta a tsohon Turanci "lyft" ne, mai rauni, marar amfani. "Right" kuwa dama ce, daidai ce, haƙƙi ce. A Latin hagu "sinister" ne, yau a Turanci kalmar tana nufin abu mai mugun nufi. Dama "dexter" ce, daga nan aka samu "dexterity", gwanintar hannu. Wanda ya iya aiki da hannu biyu ana ce masa "ambidextrous", fassararta kai tsaye: mai hannun dama biyu. Wato ko yabon ma sai da aka share hagun.

Faransawa, waɗanda 'yan'uwanmu na Togo da Burkina da Kodebuwa suke karatu da harshensu, suna ce wa hagu "gauche", kuma ita ce kalmarsu ta mutumin da bai iya shiga jama'a ba. Gwani "adroit" ne, mai dama. Wanda bai iya ba "maladroit".

Tsoffin Girkawa su tsoron hagun ma suke yi, har ba sa son kiran sunansa. Sai suka laƙaba masa "euonymos", mai kyakkyawan suna, kamar yadda tsofaffinmu suke ce wa maciji igiyar ƙasa da dare. Larabci ma yana da irin wannan. "Yamin", dama, dangin "yumn" ne, albarka. Bahago "a'asar" ne, daga tushen "usr", tsanani. Amma hagu ana kuma ce masa "yasar", daga tushen "yusr", sauƙi, don kyautata fata.

Ba a baki kaɗai abin ya tsaya ba. A makarantun Ingila har cikin ƙarni na ashirin ana dukan yara a gaɓoɓin yatsu, ana ɗaure musu hannun hagu a baya. Ko gidan sarauta bai tsira ba. Sarki George na Shida, wanda ya yi mulki daga 1936 zuwa 1952, lokacin ƙasar nan tana Gold Coast a ƙarƙashinsa, bahago ne aka tilasta masa rubutu da dama tun yana ƙarami. Ya girma da i'ina mai tsanani. Masana ba su haɗu a kan cewa juya hannun ne ya jawo i'inar ba, amma babu mai musun cewa yarintarsa ta yi ɗaci. Abin lura, da ya shiga gasar tanis ta Wimbledon a 1926, da hagu ya buga. An canza masa hannun biro, ba a canza halittarsa ba.

Laifi tudu ne

Yana da daɗi mutum ya zauna yana lissafa abin Turawa. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu duba namu bakin.

Dama a Hausa hannu ce, kuma zarafi ce: na samu dama. Amini na hannun dama ne. Wanda ya fara abu da sa'a ya shigo da ƙafar dama. Hagu fa? Mutum mai wuyar sha'ani bahago ne. Wanda ya fahimci magana a baibai ya yi mata bahaguwar fahimta. Tsohuwar kalmarmu ta hagu, "hauni", ita ce kuma sunan mai sare kan waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa a masarautun da. A filin dambe ne kawai na san bahago yake da kwarjini, inda 'yan wasa suke ɗaukar sunan da alfahari, don naushinsa yana zuwa ta inda abokin karawa bai saba tsarewa ba.

Maƙwabtanmu a nan Gana ma haka ne. A Tuwi hagu "benkum" ne, kuma Asantawa suna da karin magana cewa ba a nuna garin uba da hannun hagu. Wa bai taɓa jin mai sayar da kaya a Kejetia ta ce "sorry for left" ba, idan hannunta na dama yana cikin aiki ta miƙo canji da ɗayan? A 2001 wasu masana biyu, Sotaro Kita da James Essegbey, suka wallafa bincike kan yadda mutanen kudancin Gana suke kwatancen hanya. Sun ga mutum yakan murɗa jikinsa ya ƙetaro da hannun dama don ya nuna hanyar da take hagunsa, hannun hagun kuma ya maƙale shi a baya. Yaron zango bahago, ke nan, ta ko'ina a tsare yake: a gida, a makarantar allo, a sukul, a kasuwa.

Ni ina shekara biyar kakata ta lura da cokali yana tafiya hagu. Daga ranar aka fara. A gida ana naɗe mini hannun da ɗankwali lokacin cin abinci. A makarantar allo, duk sanda na ɗauki alƙalami da hagu, bulala ce take sauka a bayan hannun. Da na shiga aji ɗaya, malamar ta ɗora da rula. Kafin na kai shekara takwas na koma rubutu da dama, kowa ya yi hamdala. Babu ɗayansu da ya yi don ƙiyayya. Kakata, Allah Ya jiƙanta, tsoro take ji kada na girma ana nuna ni.

Amma ga abin da ya biyo baya. Rubutuna har gobe kamar tafiyar kaza ne. Ban taɓa gama jarrabawar rubutu kafin a ce a ajiye biro ba. In na yi shafi biyu, kafaɗata sai ta riƙe. Almakashi kuwa, kun ji labarin agogo. Na tashi da yaƙinin cewa ni mutum ne marar hannu, alhali hannun yana nan, an dai hana shi aiki ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: shekaruna biyu na farko a koyarwa a firamare na yi su, kuma ni ma na ɗauki rula na ƙwanƙwasa hannun yara biyu don su koma dama. Na yi, ban ko yi tunani ba. Abin da aka yi mini shi na ɗauka tarbiyya.

Abin da addini ya ce, da abin da muka ƙara

A nan sai an taka a hankali, don ni malamin Turanci ne, ba mai fatawa ba. Amma akwai abin da duk wanda ya zauna gaban malam ya sani. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa a ci da dama, a sha da dama. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son farawa da dama a alwala da taje kai da sa takalmi. An ware hagu don tsarki da kawar da ƙazanta. Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ta kawo ladabin cin abinci da dama. Wannan babu jayayya, kuma bahago ma yana iya koyonsa. Ni da dama nake ci, da dama nake gaisawa, da dama nake miƙa abu, kuma haka nake koya wa 'ya'yana.

To amma biro fa? Almakashi fa? Allura, guduma, wuƙar yanka albasa? Malaman zamaninmu da aka yi wa tambaya a kan rubutu da hagu sun ba da amsa cewa babu zunubi ga wanda haka aka halicce shi. Masu tarihin sahabbai kuma sun siffanta Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi da cewa yana aiki da hagunsa kamar yadda yake yi da dama. Babu wanda ya ce wannan ya rage masa daraja.

Akwai ma wani abin dariya a ciki. Rubutun Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu. Bahago idan yana rubuta allo, hannunsa yana gaba, tawada tana baya, ba ya shafa ta. A boko ne yake shan wahala, inda hannun yake bi ta kan abin da ya rubuta. Wato a makarantar allo, inda aka fi dukana, a nan ne hannuna ya fi dacewa da aikin.

Likitoci kuma sun nuna abin ba taurin kai ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin goma a duniya bahago ne. Wani mai bincike a Belfast, Peter Hepper, ya duba jarirai a cikin ciki da na'urar hoto, ya ga tun suna wajen mako 15 suna tsotsar babban yatsa, mafi yawansu na dama, kaɗan na hagu. Da aka bi yaran bayan sun kai shekara goma zuwa sha biyu, akasarinsu hannun da suka zaɓa a ciki shi suka riƙe. Abin da aka fara tun uwa ba ta ji motsi sosai ba, ina bulala za ta cire shi? George Bush babba, Bill Clinton, da Barack Obama da ya zo mana nan Gana a Yulin 2009, duk da hagu suka riƙa sa hannu a takardun mulki.

Yarinyar kujerar baya

Bara aka kawo mini wata yarinya JHS 1. Ba zan faɗi sunanta ba. In aka yi tambaya da baki, ita ce ta farko wajen ɗaga hannu, kuma amsarta daidai. In aka zo rubutu, rabin takardarta fari fat. Malamai suka yanke mata hukunci a ɗakin hutu: lalaci ne.

Ana saura kwana biyu ƙaramar Sallah, lokacin tara, na wuce ta bayan aji na gan ta tana zana wa ƙawarta lalle. Zane ne siriri, ganye da fure, babu inda layi ya kauce. Da hagu take yi. Tana ganina ta ɓoye hannun a bayanta kamar wadda aka kama da sata.

"Ticha, don Allah kada ka faɗa a gida," in ji ta.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Bayan hutu na ba ta sakin layi ɗaya ta kwafa da dama, sannan da hagu. Kada na yi ƙarya, na hagun bai fi kyau ba, shekara bakwai ba a bar shi ya riƙe biro ba. Amma na lura da dama tana damƙe biron har yatsunta su yi fari, tana cije leɓe. Da hagu kafaɗarta ta sauka.

Na je gidansu wata Asabar bayan la'asar. Mahaifinta tela ne. Na same shi a shago, muka gaisa, na ce: "Baba, magana ce a kan hannun 'yarka." Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ba shi da ta cewa sai an ji ta bakin mahaifiyarsa, don ita ta raini yarinyar. Muka shiga ciki.

Tsohuwar ba ta ɓoye mini komai ba. "Ɗan nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mace ce fa. Gobe ta je gidan miji ta miƙa wa surukarta tuwo da hagu, wa za a zaga? Ni za a zaga, ko ina kabari."

Na ce: "Hajiya, gaskiyarki. Abinci da gaisuwa da miƙa abu, ni ma ba zan yarda ta yi da hagu ba. Biro kawai nake roƙo." Sannan na buɗe jakata na nuna mata littafin darasina. Ta duba rubutun, ta dube ni. Na ce mata ni ma bahago ne aka gyara, ga gyaran nan a gabanta.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Kai, Ticha, wannan rubutun naka ne? Ai ko jikata ta fi ka."

Ba ta amince a ranar ba. Mahaifin ne ya je ya tambayi limamin unguwarsu, liman ya ce masa babu laifi a rubutu. Sannan, da yake tela ne, ya ɗauki almakashinsa da hagu ya gwada yanka ƙyalle, ya ga yadda yake tauna yadin maimakon ya yanka. Ya ce mini shekara talatin yana ɗinki bai taɓa sanin almakashi yana da ɓangare ba. Aka tsaya a kan cewa ta yi rubutu da hagu, sauran al'amura da dama. Hajiya ta ce: "Ku dai kuka sani."

Wata biyu yarinyar ta yi tana fama kafin hannun ya saba. Ba ta zama ta ɗaya a aji ba, kuma ban yi wa kowa alkawarin haka ba. Amma a jarrabawar ƙarshen shekara ta amsa tambayoyin Turanci duka har ta samu lokacin dubawa. Abu ɗaya ne bai tafi ba: har yanzu idan baƙo ya shigo aji, sai ta saki biron ta sa hannun a ƙarƙashin tebur.

Ga iyaye da 'yan'uwana malamai

Hukumar ilimi ta Gana ta hana duka a makarantu tun 2017, amma mun san takarda daban, aji daban, kuma dokar ba ta shiga zaure da tsakar gida. Don haka gyaran a hannunmu yake, kuma ba ya cin ko sidi ɗaya.

Idan yaro ya kai shekara huɗu zuwa biyar yana jifa da hagu, yana zane da hagu, yana ɗaukar abu da hagu, to bahago ne. A koya masa ci da sha da gaisuwa da dama, da lallashi da maimaitawa, kamar yadda ake koya wa kowane yaro bismilla. Biro kuwa a bar masa.

A aji, a zaunar da shi a gefen hagu na benci, don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Littafinsa ya ɗan matsa hagu, a karkata kansa zuwa dama. Ya riƙe biro nesa kaɗan da baki, kamar faɗin yatsa biyu, don ya ga abin da yake rubutawa, kada ya lanƙwasa wuyan hannu. Idan yankansa da almakashi ya karkace, a tuna an ƙera almakashin ne yadda matsin hannun dama zai haɗe bakinsa biyu, hagu kuwa buɗe su yake yi, ya kuma rufe wa yaro layin da yake bi. Wanda ya riga ya girma da dama kuma ya saba, kada a tilasta masa komawa. A tambaye shi, shi ya san inda yake masa ciwo.

Sai baki. Sakarai, dolo, marar hannu, bahagon banza: yaro yana ɗaukar waɗannan ya adana, ya girma da su. Ni kalma ɗaya aka rubuta mini da jan biro ina saurayi, ga shi na haura talatin ina ba ku labarinta. Ina ga ɗan shekara shida da yake jin irinta kullum safiya?

Ranar 13 ga Agusta ta kowace shekara ita ce ranar bahagwai ta duniya. Ba sai mun yi taro ko mun buga riga ba. Ya isa kowane malami ya tsaya a gaban ajinsa ya ƙirga. In yara hamsin ne kuma babu bahago ko ɗaya, to kada ya yi murna. Suna nan, wajen biyar, sun dai koyi ɓoyewa ne.

Agogon nan yana wajena har yau, na same shi a gindin akwati da muka tashi daga gidan haya. Dattijon da ya rubuta kalmar ya rasu, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, don aikin da ya gani shi ya yi wa hukunci. Yara biyun da na ƙwanƙwasa wa hannu su ne ban manta ba. Ɗaya na same shi, ya zama saurayi yana koyon gyaran mota, na roƙe shi gafara, ya yi dariya ya ce sifana dai da hagu yake riƙe ta. Ɗayar iyayenta sun bar Kumasi. In wannan rubutu ya kai gare ta, ina neman afuwarta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin rainonsu yadda Ya halicce su.